Daddawa Hamsin, Hanya Biyar

A bazarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, Baba ya aike ni Kebbe in dubo masa ko hankalin mahaifiyarsa ya fara gushewa. Bai faɗa haka kai tsaye ba, don shi mutum ne mai taushin baki. Cewa ya yi, "Ki je ki taya Inna zama a hutun nan. Ki sa ido, ki rubuto mini abin da kika gani." Amma na san inda maganar ta dosa, domin ina tsintar shinkafa a gindin rumbu ranar da goggona, ƙanwarsa, ta dawo daga can tana ba shi labari. Ta ce tsohuwa ta koma magana ita kaɗai. Ta ce sai ta shanya daddawa, ta kwashe, ta sake shanyawa, tana gunaguni kamar mai faɗa da wani. Ta ce da ta yi sallama ma, da sunan wata 'yar'uwarta da ta daɗe da rasuwa tsohuwar ta kira ta.

Baba ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce in haka ne, zai je ya ɗauko ta kafin ruwa ya sauka hanya ta yanke.

Duk wanda ya san Kaka ya san nauyin wannan magana. A Kebbe aka haife ta, nan aka kai ta ɗaki, nan aka binne mijinta. Tana da itatuwan ɗorawa uku a bayan gari da ta gada wajen uwarta, kuma da kalwarsu take sana'ar daddawa tun kafin a haifi Baba. Sau biyu ta taɓa zuwa gidanmu a Tambuwal, inda Baba yake aikin malamin gona, kuma kowane zuwa, ran kwana na uku za a tarar ta ɗaure ƙunshinta ta zauna a kai tana jiran mota. Takan ce ruwan garinmu ba ya kashe mata ƙishirwa.

Ni kuwa shekarata goma sha biyar, ina makarantar kwana ta 'yan mata a Sakkwato. Ina da wani littafi mai shuɗin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, yawancinsu a kan hadari da farin wata da tsuntsayen da ke wuce makarantarmu da yamma. A gida ana yawan yi mini faɗa cewa in an aike ni rijiya sai in tsaya kallon girgije. Saboda haka da Baba ya ɗora mini wannan aiki, sai na ji ni ma na zama mutum. Na ƙudura a raina zan sa ido sosai, ba abin da zai wuce ni.

Na bi motar kasuwa, a kan buhunan gishiri. Tun daga ƙofar gida warin daddawa ya tarye ni. Wanda bai tashi da shi ba yakan toshe hanci, ni kuwa in na shaƙe shi sai in ji na iso. Na yi sallama. Tana zaune a inuwar rumbu, rana tsaka, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Kaka."

"Af, 'yar boko ce. Iso. An ce Turawa sun tafi sun bar muku ƙasa. To, ke anka turo ki mulke ni?"

"Hutu na zo, Kaka."

"Hutu. Mutum bai yi noma ba, bai yi daka ba, shina hutu. Matso in ji ko suna ba ku abinci." Ta kama damtsena ta matsa. "Wanga hannu, ko tsinken tsintsiya ya fi shi."

Aikin daddawa na mai haƙuri ne. Kalwa takan wuni a wuta a babbar tukunya har ta yi laushi. A juye a turmi da ɗan toka, a surfa har ɓawon ya fita, a wanke, a sake wankewa, a mayar wuta. Sannan a tsane ta a kwando, a rufe da ganye, a ajiye a lungun ɗaki kwana uku ba mai taɓawa. Ranar da aka buɗe za a tarar ta yi duhu, ta yi yauƙi, ta ɗauki warinta. Sai a kirɓa, a cura, a lallatsa kowane curi tsakanin tafin hannu. Matan maƙwabta ne ke taya Kaka daka da ɗiban ruwa, amma curi da shanya ba ta barin kowa. Tukunyarta kuwa hamsin take fitarwa, ba ragi ba ƙari, don hannunta ya riga ya san girman curi.

Kwana biyu da zuwana aka buɗe kwando. Na zauna a gefe da littafina, kamar mai rubuta waƙa. Kaka tana da tabarmin kaba guda huɗu, na shanya kawai. Ta shimfiɗa biyu, ta jera daddawa rabi nan rabi can, gwanin sha'awa. Na ce a raina ai lafiya lau. Ba a jima ba sai ta dawo ta tsuguna, ta yi ta motsa baki, ta tattara su duka a masaki. Ta jera kusan duka a tabarma ɗaya, sannan ta ɗauki curi guda ɗaya tal ta ɗora a tsakiyar wata tabarmar. Bayan azahar ta sake kwashewa, ta raba su uku: babban jeri, matsakaici, ƙarami. Duk tana magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da murmushi.

Na rubuta: Ta shanya sau uku. Ta ba guda ɗaya tabarma sukutum. Tana magana da su.

Kashegari ta shimfiɗa tabarmin duka huɗu, ta yi jeri huɗu da ba wanda ya yi daidai da wani, ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na tsaya ina kallon shanyar nan sai tausayinta ya kama ni. Na ce bari in gyara mata. Na jera su goma-goma, layi biyar, reras kamar yadda muke tsayuwa a filin makaranta da safe. Na naɗe sauran tabarmin na jingine su a jikin rumbu. Har na ja baya na yaba aikina.

Da ta dawo ta tsuguna inda ta saba, ta ɗora hannu a gefen jerin, ta bi shi. Hannun ya tsaya. Ta sake bi. Sai ta juya tana shafa ƙasa inda sauran tabarmin suke ɗazu.

"Ina gidan shidda? Ina ƙananan? Wa ya shigo?"

"Ga su nan duka, Kaka. Ni na jera miki. Hamsin ne cif."

Kamar ba ta ji ni ba. Ta shiga taɓa su ɗaya-ɗaya tana ƙidayawa. Ta kai wajen ashirin, lissafi ya kuɓuce mata, ta koma farko. Sau uku tana haka. Daga ƙarshe ta zauna a ƙasa, ta ce da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Ban san ko nawa ba ne." Ta tattara su a masaki ta shige ɗaki.

Na koma bayan rumbu na yi kukana. Sannan na yagi takarda daga littafin waƙoƙina na rubuta wa Baba layi uku. Na ce abin da Goggo ta faɗa gaskiya ne. Na ce yau a gabana Kaka ta kasa ƙidaya hamsin. Da sassafe na ba wani maƙwabcinta mai fataucin kanwa, wanda zai ci kasuwar Tambuwal.

Bayan kwana biyu wata Bafillatana ta shigo da nono da man shanu. Rugarsu tana bakin fadama, kuma ta daɗe tana musaya da Kaka. Suka gaisa, suka taɓa tsiya a kan wadda ta fi tsufa. Sai Kaka ta ce, "Ɗauki gidan ukku." Matar ta nufi ɗaya daga cikin tabarmin, ta share abin da ke kai cikin ƙwaryarta ba tare da ta ƙidaya ba, ta yi sallama ta fita. Kaka ta matsa ga babbar tabarma, ta shafa tafin hannu a kai sau ɗaya, ta tsaya a kusurwa.

"Kazar maƙwabta ta yi muna ɓarna. Ɗaya babu."

Na leƙa. Kusurwar ta yi giɓi, ga kuma kazar can bayan turmi tana tsattsagar abin da ta ja. Ni da nake zaune da idona biyu ban ga lokacin da ta ɗauka ba.

Na ce, "Kaka, mene ne gidan uku?"

"Ke da bokonki ba ki san gida ba? Ba ni hannunki." Ta ɗebi kalwa busasshiya ta jera a ƙasa, ta ɗora yatsuna a kai. "Ukku nan, ukku nan, ukku nan. Tsawo da faɗi ɗaya. Tara ke nan. Gidan biyu, fuɗu. Gidan fuɗu, sha shidda. Gidan biyar, ashirin da biyar. In gida ya cika, hannu ya sani, ba sai an ƙidaya ba. In an taɓa shi, giɓin ka faɗa miki. Wancan jerin naki na shekaranjiya kuwa, dogo zalalau kamar hanyar mota, ina hannuna zai san shi?"

Abin da muke kira murabba'i ne a darasin lissafi, wanda na haddace don jarrabawa, ban taɓa jin yana da wani amfani a duniya ba. Amma ba wannan ne ya ja hankalina ba. Kalmar hannu ce. Na ɗaga kai na dubi idanunta da kyau, karo na farko tun zuwana. A tsakiyar kowanne akwai wani fari-fari, kamar an ɗiga nono a ruwa.

Ta ji shiruna. "Kin gani ko? Shekara biyu ke nan. Inuwa nika gani, da hasken rana. Kada ki faɗa ma malamin nan." Haka take kiran Baba, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Na rasa ta inda zan fara, sai na tambayi abin da ya fi sauƙi. "To me ya sa kike kwashewa ki sake jerawa?"

Ta ce wani lokaci inuwar rumbu ce ke cin wuri, dole a rage girman gida a gusa. Wani lokaci kuma ta san mai zuwa: matar ruga tara take ɗauka, mai tuwon bakin kasuwa sha shida, sai ta ware wa kowa gidansa tun a shanya. Sannan ta yi dariya, ta rufe baki da gefen zane kamar yarinya. "Kuma daɗi nika ji. Hamsin mai kirki ce, hanya biyar gare ta. Gidan biyar biyu. Gidan bakwai da ɗaya. Gidan biyar, gidan fuɗu, gidan ukku. Gidan shidda, ukku, biyu, da ɗaya. Sai gidan fuɗu biyu da gidan ukku biyu. Uwata ta ce kome yawan daddawa, tabarma fuɗu ta ishe ta, kowace tabarma gida guda. Tun ina budurwa nike neman adadin da zai ƙaryata ta. Shi ne kika ji ina magana. Ba da daddawa nike ba, da uwata nika gardama."

Wunin ranar a ƙasa na yi shi, da tulin kalwa a gabana. Na jera hanyoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ba ni hamsin. Na nemi ta shida har la'asar ban samu ba. Na gwada ashirin da biyar, ta ba ni hanya uku. Na gwada bakwai, ta ƙi shiga tabarma biyu, ta ƙi uku, sai da na ba ta huɗu: gidan biyu, da ɗaya, da ɗaya, da ɗaya. Sha biyar haka, ashirin da uku haka, kowace hanya ɗaya tal. Kaka ta ce waɗannan su ne masu taurin kai, ta san su kamar yadda ta san fitinannun yaran unguwa. Ban taɓa sanin lambobi suna da hali ba sai ranar. Wata mai sakin fuska ce, ta kowace ƙofa aka zo mata za ta buɗe. Wata kuwa ƙofa ɗaya gare ta, ita ma a lungu.

Ta kuma nuna mini yadda take tara busassun a ɗaki. Biyu-biyu hawa biyu, takwas. Uku-uku hawa uku, ashirin da bakwai. Wannan soro take ce masa. Ta ce a wajen soro dokar tabarma huɗu ba ta aiki, don ashirin da uku sai ta ci wuri tara, shi ya sa ba ta cika wasa da shi ba. Na zana duka a littafina, a bayan wata waƙa da na yi wa hadarin gabas.

Duk wannan daɗin ina jin takardar nan tana zaune a ƙirjina. Kafin magariba, muna tsintar kalwa, na ce, "Kaka, na rubuta wa Baba takarda."

Hannunta bai tsaya ba. "Mi kinka ce?"

Na faɗa mata duka. Na faɗa mata abin da Goggo ta ce, da dalilin zuwana, da abin da Baba ya yi niyya.

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "To. Abin da kinka gani kinka rubuta." Ta watsar da wata tsakuwa. "Ɗorawar tsakiya bana ta yi 'ya'ya ƙwarai. Ban san wa za shi kaɗe ta ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba ta zage ni ba, ba ta canja mini fuska ba, da safe ma ita ta dama mini fura. Na rubuta takarda ta biyu, amma ba mai tafiya Tambuwal sai kasuwa ta gaba. Akwai kalwar da ke kwando, ita dole a ƙarasa, aka buɗe, ta cura hamsin ɗinta. Bayan wannan ba ta jiƙa wata ba. Ta wanke babbar tukunya ta kife ta a bayan ɗaki. Ina kallonta tana bin gidan a hankali tana taɓa abubuwa, bakin rumbu, turmi, ƙyauren kara.

Ranar kasuwa da hantsi Baba ya yi sallama, cikin farar rigarsa ta zuwa ofis. Ya riga ya shirya da mai mota, in kasuwa ta watse da la'asar zai biyo ya ɗauki kaya. Ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe, kamar kullum.

Ban jira ya sha ruwa ba. "Baba, takardar nan kuskure na rubuta."

"Kin ce ta kasa ƙidaya hamsin."

"Ni na ɓata mata jeri."

Ya dube ni da tausayi. Na ga ya ɗauka zuciyata ce ta karye, ina so in rufa mata asiri. Na shiga bayani, gida, tabarma, hanya biyar, maganar ta cakuɗe mini a baki har ni kaina na ji ba ta da kan gado. Na ga ya fara girgiza kai.

Kaka ta ce, "Bar shi, 'yar boko. Ɗauko masaki."

Na ajiye masakin daddawa a tsakaninsu. Ta juya fuskarta ga bango. "Kai, malam. Hamsin ne nan. Ɗebi abin da kaka so, kada ka faɗa min."

Baba ya matso kusa da masakin. Ya dube ni, ya dubi bayanta, sannan ya sa hannu a hankali ya ɗauki uku. Ya rasa inda zai sa su, sai ya zura a aljihu.

Ta juyo. Na shimfiɗa mata tabarmin. Ban taɓa ganin hannu yana tunani ba sai ranar. Ta fara gidan bakwai, ta ji ba zai cika ba tun kafin layin ƙarshe, ta rushe, ta kafa gidan shida. Ta kafa gidan uku. Biyu suka rage, ta ba kowanne tabarmarsa.

"Arba'in da bakwai. Mai taurin kai ce, sai ta ci tabarma fuɗu. Amma ta fi bakwai kirki, hanya biyu gare ta." Ta tattara, ta sake: gidan biyar, gidan uku, gidan uku, gidan biyu. Ta kaɗe hannu. "Ukkun da sunka rage suna aljihunka na dama. Rigar nan kuwa sai an kai ta rafi."

Baba ya yi dariya har ya dafa ƙasa. Ya fito da daddawar, ga aljihun ya yi shatin mai. Yana dariya yana share ido, ban san ko duka hawayen na dariya ba ne.

Ta bari ya gama. Sannan ta faɗi abin da ta hana ni faɗa. "Hankalina shina nan inda ka bar shi. Ido ne ya tafi. Ƙanwarka muryarta irin ta marigayiya ce, shi ya sa na kira ta haka. Na faɗa maka da bakina don kada yarinya ta koma makaranta da kaya biyu a kai."

Har yau in na tuna wannan sai in ji idona ya cika. Ni na jawo mata mota har ƙofar gida, amma a wannan lokacin ma nauyin da ke kaina take dubawa.

Dariyar Baba ta ɗauke. Yanzu ya sami dalilin da ya fi na farko ƙarfi, kuma dukanmu mun san haka. Ya ce, "Inna, wuta fa? Rijiya fa? In maciji ya shigo?"

"Ruwa maƙwabta ka ɗebo min tun ido na nan. Wuta kuwa ni da ita mun fi shekara hamsin tare. Gidan ga ƙafata ta san shi. Daga ɗaki zuwa murhu taku tara, daga murhu zuwa rumbu shidda. Hanyar ɗorawa ko da sanda ban bi. In ka kai ni gidanka, can ne za ni zama makauniya."

Baba ya sa hannu a tulin kalwar da nake wasa da shi, yana juya ta da yatsa. Ya jera uku, ya jera uku a ƙasansu, ya ƙara uku. Ya daɗe yana kallon ɗan gidan nan.

"Inna, kowane adadi kika ce? Tabarma huɗu?"

"Uwata ta ce. Ni dai ban kama ta da ƙarya ba."

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya karɓi littafina. "Talatin da ɗaya."

"Gidan biyar, biyu, ɗaya, ɗaya. Ko gidan ukku sau ukku da gidan biyu. Wannan ta yara ce."

"Saba'in da tara."

Ta ɗan motsa baki. "Bakwai, biyar, biyu, ɗaya."

Ya duƙa yana lissafi a takarda, ita kuwa ta riga ta miƙe ƙafa tana jira. "Malam, ko in aika a kira maka malami?"

Haka suka yi ta yi. Shi yana neman adadin da zai ƙi, ita tana ba shi amsa, ni ina jera kalwa in tabbatar. Aka kira azahar ya je ya dawo, ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ban taɓa ganin sun yi hira mai tsawo haka ba, don tsakanin uwa da ɗan fari gaisuwa ce da sallama. Ranar kalwa ta shiga tsakaninsu, suka sami abin da za su kalla tare ba tare da sun kalli juna ba.

Daga baya, da na koma makaranta, na tambayi malamarmu ta lissafi. Ta ce gaskiya ne, kowane adadi yana shiga murabba'i huɗu ko ƙasa da haka, kuma wani masani ya tabbatar da shi a rubuce tun da daɗewa, ba sauran nema. Da na kawo wa Kaka labari a hutu na gaba, ta ce, "Allah sarki. Ashe shi ma daddawa shika yi." Kuma ba ta daina neman ba.

Amma a ranar ba mu san wannan ba. Muna kan ɗari da wani abu muka ji ƙahon mota a ƙofar gida. Kaka ta janye hannunta daga kalwa ta ɗora a cinya. Baba ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya fita. Ina jin muryarsa da ta mai mota, ban ji abin da suke cewa ba. Na kama hannun Kaka, ya yi sanyi. Sai muka ji motar ta tashi, ƙararta tana nisa.

Ya dawo ya tsuguna inda ya fara tsugunawa da safe. "Inna, na ce masa ba kaya. Zan kwana, gobe in bi 'yan jakuna zuwa bakin hanya. Amma abu biyu nake roƙo. Zan yi magana da maƙwabta, wata ta riƙa kwana a gidan nan. In kuma an yi kaka, zan kai ki Sakkwato likita ya duba idon."

"In je in dawo?"

"Ki je ki dawo."

"'Yar boko, ina alƙalaminki? Rubuta wannan. Wannan karon ki rubuta daidai."

Na rubuta, a ƙarƙashin lissafin Baba. Ya karɓa ya sa hannu yana murmushi, kamar takardar ofis. Ta sa na karanta mata sau biyu.

An kai ta Sakkwato bayan girbi, kuma an mayar da ita. Shekara huɗu ke nan, tana gidanta a Kebbe, ni kuma na fara koyarwa a aji ɗaya, ina zuwa mata duk hutu. Na gode wa Allah da Baba bai yi saurin da na yi ba. Na gode wa Kaka abin da ban san yadda ake rubuta shi ba, ko da yake na cika littafi biyu ina gwadawa.

A yammacin ranar dai, da aka gama sa hannu, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta ce wa Baba ya cire rigar nan a jiƙa kafin karnukan gari su bi shi. Sannan ta juyo wajena.

"Ke kuma tashi. Je bayan ɗaki ki ɗauko min tukunya, ki auno kalwa. Mun yi hasarar kwana ukku."